Rasuwar Dattijo, Babur Mai Dakon Ƙwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma take tafasa a ƙarƙashin baƙin cikin, Mai Ƙwai na layin bayan kasuwa yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, masu shaguna, da duk wanda ya taɓa matsawa gefe ya ba kiret-kiret hanya, rasuwar babur ɗinsa kuma abokin neman abincinsa, wanda kowa ya sani da suna Dattijo. Marigayin ya cika ne a garejin Sifana makaniki, a kan benci, cikinsa a buɗe, bayan doguwar jinya da aka ɓata ana yi masa maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

Kafin a yi nisa, mai makoki yana roƙon alfarma guda. Duk wanda zai zo ta'aziyya, kada ya buɗe baki ya ce tsufa ne. An faɗa masa haka a gida, an faɗa masa a gonar kaji, har mai gadin kasuwa da ko keke bai iya ba ya faɗa, yana girgiza kai kamar wani masani. Dattijo ya tsufa, babu mai musu. Amma ba tsufa ya kashe shi ba, kuma wannan sanarwa za ta faɗi abin da ya kashe shi, ko da kuwa za a daina gaisawa a wasu gidaje.

Marigayin ya shigo hannun Mai Ƙwai yana da 'yan shekarunsa, fentinsa ya ɗan koɗe, amma ƙirjinsa cike da ƙarfi. Sunan Dattijo ba don shekaru aka sa masa ba, don hali ne. Bai taɓa fizgar mutum ba. Bai taɓa tashin unguwa daga barci ba. Da safe in an taka masa kik, sai ya turo ƙafar mai shi baya kaɗan, kamar mai amsa gaisuwa, sannan ya kama: tuk, tuk, tuk, tuk, a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya san dakon ƙwai ya san darajar wannan hali. Ana jera masa kiret har sun wuce kan direba, a ɗaure da roba, ya ɗauko su daga gonar kaji da ke bayan gari, ya ratsa ramuka, ya hau gangaren tankin ruwa wanda sababbin babura ke yi wa kuka, ya sauke kowane ƙwai da ransa. In ƙwai ya fashe a zamanin lafiyarsa, to daga gona ya taho da tsagarsa.

Ba ƙwai kaɗai ya ɗauka ba. Shi ya kai uwargida asibiti tana naƙuda, ya kuma dawo da ita da jariri ba tare da ya girgiza su ba. Shi ya ɗauko keken ɗinkinta ranar da aka saya, keken da har yau take ɗinki da shi a tsakar gida. Amma babban aikinsa shi ne layin ƙwai. Mai gona mutum ɗaya yake ba wa kaya a kowane ɓangaren gari, kuma ɓangaren bayan kasuwa Mai Ƙwai ne ya gina shi, shago bayan shago, da haƙuri da cika alkawari. Da wannan layin ake ci a gidansa, da shi yara ke zuwa makaranta. Layin kuwa ba ya jiran kowa: wanda ke da babur mai tashi da safe, shi ke da shi.

Farkon ajalin marigayi ya zo ne a cikin rigar taimako, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona ran mai makoki. Santsin banɗaki ya kwashe Mai Ƙwai, ƙafa ta karye, aka kwantar da shi na 'yan watanni. Sai ƙanin uwargida ya miƙe ya ce shi zai riƙe layin. Wannan ƙani ba yaro ba ne, kada wani ya kawo uzurin ƙuruciya: ƙato ne mai gemu, wanda ake kira Tsawa domin ko ƙofa zai rufe sai maƙwabta sun ji. Dangi suka yi ta sa masa albarka. Suruka, wato mahaifiyarsu, ta zo har bakin gado ta ce wa Mai Ƙwai ya gode wa Allah da ya auri 'yar gidan mutunci. Ya gode. Ya miƙa makulli da hannunsa, yana kwance, yana jin Dattijo na fita daga gida da muryarsa ta kullum.

A watannin nan ne ake aikin titin da ya bi ta gonar kaji. Manyan motoci na zubar da yashi da tsakuwa, ƙura na tashi har ba a ganin na gaba. Ta nan Tsawa ya riƙa bi da marigayi safe da yamma.

Ranar da Mai Ƙwai ya miƙe ya karɓi makullinsa, ya taka kik, abin da ya fito ba muryar Dattijo ba ce. Baaam, baaam, baaam, kamar ana yaga kwano. Ya juya ya kalli Tsawa. Tsawa ya washe baki.

"Yaya, ai da a shaƙe yake. Na buɗe masa maƙogwaro. Yanzu ka ji namijin babur."

Mai Ƙwai ya ɗauka wani ɗan juye-juye aka yi wa kafireta, irin na masu son ƙara. Bai ji daɗi ba, amma ta yaya za ka tsare mutumin da ya riƙe maka gida wata da watanni da tambaya, alhali yayarsa na tsaye tana murmushi? Ya haɗiye maganar, ya sake yin godiya.

Daga nan jinya ta fara. Kik ɗin da ke turo ƙafa baya ya koma laushi, kana takawa ya tafi ƙasa salin-alin kamar ka taka tsumma. Marigayin da ke tashi da taku ɗaya ya koma sai an tura shi har bakin titi, yana kuf, kuf, kuf, mai shi na binsa da ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Bututun salansa ya fara fitar da hayaƙi shuɗi. Baƙin mai ya riƙa ɓacewa ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. A kan gangaren tankin ruwa kuwa, inda da yake hawa yana tuk-tuk ɗinsa, sai ya riƙa nishi, yana neman giya ta ƙasa, yana roƙon a sauka a taimaka masa.

A nan sanarwa za ta ambaci makanikan bakin titi, ba don godiya ba. Na farko ya ce fulogi ne, ya canza. Na biyu ya ce man fetur ne mai ruwa, ya zubar da tanki guda a kwata. Wani ya wanke kafireta har ta yi ƙyalli, ya ce yanzu sai dai a riƙe shi kada ya tashi sama. Wani ya sake cewa fulogi ne. Kowannensu ya saurari majinyaci daga nesa, ya yanke hukunci kafin ya durƙusa, kuma babu ko ɗaya da ya ce bari a auna ƙarfin da ya rage a ƙirjinsa. Mai makoki yana yi musu fatan ranar da za su je asibiti da ciwon ƙirji a yanke musu farce a sallame su.

Sai ranar da ba za a manta ba. Kiret sun cika, rana ta ɗaga, masu shaguna na jira. A tsakiyar gangare Dattijo ya yi kuf, ya yi kuf, ya yi wani dogon fuuu, ya mutu. Nauyi ya ja shi baya. Mai Ƙwai ya kafa ƙafar da ta karye, ƙafar ta ƙi, suka kife tare. Ƙwai ya malala a kan kwalta har cikin kwata, mutane suka taru suna sannu, wasu na dariya a ɓoye. Shi kuwa bai ji ciwon gwiwarsa ba. Abin da ya ji shi ne kunya, domin a duk zamansu wannan ne karon farko da Dattijo ya zubar da kaya. Da yamma mai gona ya kira shi ya ce yana tausaya masa, amma kaji ba sa daina yin ƙwai don babur ba shi da lafiya. Ya gyara da wuri, ko a ba wani layin.

Washegari aka tura marigayi garejin Sifana, mutum marar fara'a wanda ba ya magana kafin hannunsa ya yi baƙi. Bai tambayi komai ba. Ya kwance fulogi, ya duba bakinsa da ya yi baƙi ya jiƙe da mai, ya ajiye. Ya toshe ramin fulogin da babban yatsa ya ce a taka kik. Aka taka.

"Sake."

Aka sake.

"Lafiyayyen inji ture yatsa yake," in ji Sifana. "Wannan hura ni kawai yake yi."

Ya ɗauko agogon awo mai tiyo, ya ɗaura a ramin, ya murɗe totur har ƙarshe, ya sa aka yi ta takawa. Allurar ta ɗaga da ƙyar, ta tsaya can ƙasa, ta ƙi gaba. Ya ce abin da suke kira kwamfireshan ke nan, wato ƙarfin da inji ke matse iska da mai kafin wuta ta kama, kuma na Dattijo ya zube. Saura a san ta ina yake zuba. Ya cire agogon, ya tsiyaya baƙin mai kamar cokali guda a ramin, ya mayar, aka sake takawa. Allurar ta yi tsalle sama. Zuciyar Mai Ƙwai ta yi tsalle tare da ita, ya ɗauka waraka ce ta zo.

"Kada ka yi murna," in ji Sifana. "Da bawul ne ke zubarwa, mai ba zai canza komai ba, kuma da aikin ya zo da sauƙi. Tunda mai ya toshe, to ringin fistin ne da bangon silinda. Man ne ya cike giɓin na ɗan lokaci."

Aka buɗe. Mai makoki ya ga cikin abokinsa a halin da ba zai so ya sake gani ba. Ringin sun suɗe har sun yi kaifi. Bangon silinda, wanda ya kamata ya yi sumul, duk zane ne daga sama har ƙasa kamar kyanwa ta yi wasa a kai. Sifana ya lakato baƙin man da ke ƙasa, ya murza tsakanin yatsu, ya kama hannun Mai Ƙwai ya murza masa shi ma. Yashi ne. Yana ƙaras-ƙaras.

Sifana ya saki hannun. Ya zagaya gefen babur, ya kwance murfin akwatin iska, inda soso ke zama yana tace duk numfashin da inji zai ja. Murfin a ɗaure yake tsaf, shi ya sa babu wanda ya yi zarginsa. Ciki kuwa wayam. Ƙura ce kawai kwance, ja, mai laushi, irin ta titin gonar kaji.

"Ina soson?"

A nan Mai Ƙwai ya tuna da maƙogwaron da aka buɗe. Wata da watanni Dattijo yana shaƙar yashi tsagwaronsa, yana niƙa kansa da kansa, kuma ƙarar da Tsawa ke alfahari da ita kukan neman agaji ne. Sifana ya ce silindar an riga an taɓa faɗaɗa ta har iyaka tun kafin ta zo hannunsa, ba ta sake gyaruwa, yashin kuma ya gangara har ƙasan inji ya ci abin da ya samu. Ya goge hannu ya ja tsumma ya rufe. Lokacin cikawa ke nan.

Mai makoki ya tafi gida a ƙasa, yana ɗingishi, yana shirya maganganun da zai faɗa. Ya tarar da Tsawa a tsakar gida, zaune kusa da wani sabon babur dal, irin Dattijo sak, wanda suruka ta saya masa ganin ya kama sana'a ya yi hankali. Uwargida na kan keke tana ɗinki. Ya tambayi soson. Tsawa ko gezau.

"Wannan abin? Ai duk abokaina cirewa suke, shi ke hana babur gudu. Ban ma yar ba, na ba yayata tana soke allura."

Keken ɗinki ya tsaya. Uwargida ta kalli ɗan matashin allurar da ke gabanta, wanda ta yi wa riga da ƙyallen atamfa mai furanni, wanda mijinta ya sha miƙo mata in ya faɗi ƙasa. Ta zare allurai ɗaya bayan ɗaya, ta farke ɗinkin, ta miƙa masa da hannu biyu ba tare da ta ɗaga kai ba. Soson Dattijo ne, tsaf da shi, ko ƙura babu. Duk maganganun da Mai Ƙwai ya shirya suka maƙale, domin duk wadda ya jefa wa ƙanin, a fuskar matarsa za ta sauka.

Mai gona bai jira ba. Ya ce masu shaguna sun riga sun san Tsawa, ga shi da sabon babur, sai ya ci gaba. Suruka ta aiko cewa abin farin ciki ne, tunda layin bai fita daga dangi ba. Tsawa da kansa ya zo ya ce, cikin kyakkyawar niyya wadda ta fi zagi ciwo, in Yaya yana so ya riƙa hawa baya yana riƙe kiret. Ana sanar da jama'a cewa mai makoki bai amsa wannan tayi ba, kuma ba a so a tambaye shi dalili.

Marigayin ya rasu ya bar tayoyi biyu, ta gaba da sauran ƙwarinta. Madubi ɗaya, ɗan uwansa ya riga shi tun ranar gangare. Sirdi mai faci wanda ya ɗauki siffar mai shi. Robobin ɗaure kaya da yanzu ke rataye a ƙusa ba aikin yi. Da makulli, wanda har yau mai makoki ke lalubawa a aljihu duk safiya. Ya bar fulogai masu yawa, dukkansu lafiyayyu, waɗanda aka cire bisa zalunci. Ya kuma bar soso guda, kuma game da shi akwai bayani.

Kwanaki kaɗan bayan rasuwar, Tsawa ya biyo da safe ya shiga ɗaki gaida yayarsa, ya bar sabon babur a tsakar gida. Mai Ƙwai ya ji ƙarar shigowarsa, baaam, baaam, kuma ya san wannan ƙarar. Ya ɗauko sukundireba ya buɗe akwatin iska. Wayam. Jar ƙura ta riga ta fara kwanciya.

Ya daɗe a durƙushe. Ba ya bukatar yin komai. In ya mayar da murfi ya yi shiru, titin gonar kaji zai yi sauran aikin. Kik zai yi laushi, hayaƙi zai fito, wata rana a gangaren tankin ruwa ƙwai zai malala, mai gona kuma zai tuna da lambar tsohon mutuminsa. Babu wanda zai ce shi ya yi, domin ba shi ya yi ba. Tunanin ya yi masa daɗi, daɗi sosai, kuma bai ji kunyar daɗin ba. Uwargida na tsaye a taga tana kallonsa. Ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba.

Sai ya ɗora tafin hannu a kan injin. Da ɗuminsa, sabo, bai san komai ba, bai yi wa kowa laifi ba. Mai Ƙwai ya ja tsaki mai tsawo. Ya shiga ya ɗauko soson Dattijo, wanda ya riga ya wanke ya shafa wa mai ba tare da ya san dalili ba, ya zaunar da shi a mazauninsa, ya ɗaure murfin yana zagi ƙasa-ƙasa, zagin da ba za a rubuta a sanarwar rasuwa ba. Da Tsawa ya fito ya taka kik, babur ya kama: tuk, tuk, tuk, tuk.

"Kai! Wa ya shaƙe min babur?"

"Ni ne," in ji Mai Ƙwai. "Ka sake taɓa murfin nan, ni da kai ne, ba ruwan yayarka, ba ruwan uwarka. Ka kashe ɗaya. Tafi, masu shaguna na jira."

Tsawa ya kalli taga. Ya tafi a hankali.

Game da jana'iza: za a ɗauko gawar daga garejin Sifana da hantsi ranar da kasuwa ba ta cika ba, a tura ta da hannu zuwa wurin 'yan gwangwan da ke bayan tasha. Za a bi ta gangaren tankin ruwa, a tsaya kaɗan a inda ya faɗi. Ba a yarda a ja shi da igiya a bayan wani babur ba, musamman babur guda da kowa ya sani. Makanikan bakin titi suna iya tsayawa daga nesa, kamar yadda suka saba duba marasa lafiya. Ba a bukatar hon, ba a bukatar jawabi, kuma uwargida ta ce kada a yi wa ƙarfe addu'ar da ake yi wa mutane. Wanda ke da addu'a ya yi wa masu rai, sun fi bukata.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan mai makoki. Ba sai an sa lokaci ba, yana nan safe da yamma, ba shi da inda za shi. Idan an zo da sassafe aka tarar ya yi shiru, fuska a murtuke, kunne a titi, a ɗan dakata da gaisuwar. Tsawa ne ke wucewa da kiret ɗin ƙwai zuwa shagunan bayan kasuwa, babur ɗinsa na tafiya da murya ƙasa-ƙasa, yana numfashi da soson Dattijo.